Zubi

Ƙarfe biyun dare a Farin Gada, sanyi ya ci yatsuna.
Ina rubuta wa Gwaggo Tasalla manhajar lissafin dankali.
Buhu bakwai na safe, buhu biyar na yamma,
na ce wa kwamfuta ta haɗa.
Ta ce saba'in da biyar.

Ba ƙarya ta yi ba.
Rubutu na ba ta, ba lamba ba,
sai ta zaunar da bakwai kusa da biyar
kamar baƙi a benci ɗaya, kowa rungume da jakarsa.
Sai da na juya su lamba suka yarda suka zama sha biyu.

Malama Kangyang ta sha faɗa mana:
kowane abu da irinsa, kowane iri da mazubinsa.
Juye kofi a bokiti, ko ɗigo ba ya zuba,
na'ura ma ba ta tambayarka.
Amma in bokiti za ka juye a kofi,
sai ka sa hannu cewa ka yarda da ɓari.
Haka uku da ɗigo tara ya shiga gidan cikakkiyar lamba
ya fito uku cak,
an datse masa wutsiya, ko matsa shi huɗu ba a yi ba.

Kakana ya shekara talatin yana wankin kuza a Bukuru.
Yakan ce narka dalma ka zuba a mazubin zobe,
zobe za ka samu, azurfa kuwa sai a mafarki.

Daren nan na gane shi.
Na gina aji na sa masa suna Dabba,
Akuya ta gaje shi, Jaki ya gaje shi.
Kiran Akuya Dabba bai taɓa ta da ƙura ba.
Sai na cafko wata Dabba a garke, ban duba ba,
na rantse wa kwamfuta cewa Akuya ce.
Ta karɓa, ba ta ce uffan ba.
Da aka zo tatsa, Jaki ya yi harbi,
allo ya cika da jan rubutu.

Yanzu kafin in laƙaba wa abu suna
ina tambayarsa, kai wane ne?
Layi ɗaya ne tak.

Asuba. Motocin Bokkos sun fara sauke kaya.
Gwaggo na bakin ƙofa da kofin kunu.
"To, nawa injin naka ya ce?"
Sha biyu, Gwaggo.
"Wannan ai tun jiya na sani."