Tirela Mai Taya Biyar

Ruwa ya tsare mu a gida ranar Asabar,
kwatamin Bagalam ya cika ya batse.
Sai Barira ta ɗauko littafin lakwal
ta buɗe inda madam ta rubuta musu:
giram ɗari biyu na kaza, giram hamsin na kaza.
Na ce, ɗiyata, gidan nan ba ma'aunin giram,
sai gwangwanin madara
da idon uwarki.

Fulawa gwangwani uku.
Sukari ɗaya, saura lasa,
don yatsan Tasi'u ya riga mu shiga.
Ƙwan zabi biyu.
Na ukun ya suɓuce tsakanin hannun Zalika da bakin kwano,
ta tsaya tana kallonsa
kamar zai ji kunya ya koma cikin ɓawo.
Ban yi faɗa ba. Kyanwa ta yi mana shara.

Gyaɗar da na soya jiya muka murje,
Zalika ta hure ɓawon cikin idon yayanta,
aka yi kuka kaɗan, aka yi sulhu da ƙwaya uku.
Hannu shida a kwano ɗaya,
wanda na ce ya wanke nasa, ɗaya kawai ya wanke.

Da kwalbar lemu muka murza kwaɓin bisa tire,
gwangwanin tumatir yana yanka mana wata bayan wata.
Tasi'u ya ce shi ba ruwansa da wata,
tirela zai yi, irin ta babansa,
mai taya goma sha takwas.
Yana kan ta biyar kwaɓi ya ƙare.

Ba mu da tanda irin ta gidan burodi.
Muna da tsohuwar tukunyar ƙarfe,
da yashin gulbi da na tankaɗe tun rani,
garwashi a ƙasa, garwashi bisa marfi.

Jira ne aikin da ya fi ƙarfinsu.
Inna, ya nuna?
Inna, yanzu fa?
Ƙamshi ya haura katanga bai yi sallama ba,
sai ga ɗan Tsahara an aiko shi aron ashana,
alhali hayaƙi na tashi a madafarsu.

Nan wayata ta yi kuka.
Babansu ne, yana bin layi a bakin iyaka,
muryarsa na zuwa tana yankewa.
Na matsa ƙofar zaure inda magana ke fita sosai,
na tambayi ciwon bayansa, ya tambayi kuɗin cefane,
kafin in dawo, zubin farko ya yi baƙin gindi.
Na kankare da wuƙa.
Waɗannan nawa ne, an riga an sani.

Zubi na biyu ya fito ja-ja-ja, kamar bayan ƙosai,
sai dai kowane da rami a tsakiya.
Ashe duk juyawar da na yi
Zalika na bi tana danna babban yatsa.
Barira ta turo baki:
na hoton madam ba shi da rami!
Na ce, na hoton madam,
wa ya san hannun da ya yi shi?

Mun ci, mun kai wa Tsahara bakwai a faranti,
ashanarmu dai ba ta dawo ba.

Tirelar kuwa Tasi'u ya hana kowa taɓawa.
Ya sa ta a gwangwani, ya tura ƙarƙashin gado,
wai sai Baba ya zo.
Cikin dare, ruwa na ɗiga daga indararo,
na ji marfi ya yi ƙara a hankali.
Na yi kamar barci.

Da safe na duba, taya uku suka rage.
Ya dube ni ido cikin ido, da ɓurɓushi a haɓa,
ya ce, Inna, hanyar ba kyau,
biyu sun yi faci.