Wutar da Bappayo Ya Aiko

An ɗauke wuta tun la'asar.
Ni da nake gyara wa mutane ita,
ga ni zaune a duhu a Dadin Kowa,
madatsar ruwa na gurnani a bayan gari
kamar saniyar da ake tatsa
a kai nonon wani gida.

Sai salula ta yi motsi a aljihu.
Bappayo ne, ƙanena,
da aka tura Japan koyon noman shinkafa.
Ya ce, Hamma, bar maganar iri da taki yau,
zo ka ga abin da ya shafi sana'arka.

Na ga titi a Tokyo.
Itatuwa sun zubar da ganye saboda sanyi,
sai aka mayar musu da ganyen haske,
kowane reshe, har ɗan tsinken ƙarshe.
Na ga Sapporo, inda dusar ƙanƙara
ke karɓar launi kamar farin yadi a marina.
Na ga wani dogon soro kusa da Nagoya,
ba bango, ba azara, fitilu zalla,
mutane na ratsa shi a hankali
kamar masu tsoron taka ƙwai.

A Kobe ya rage murya.
Ya ce wannan ba ado kaɗai ba ne,
ƙasa ta taɓa girgiza a nan, ta ci mutane,
shi ne suke kunna wa waɗanda suka tafi.

Wani zai ce masha Allah ya wuce.
Ni kuwa na buɗa hoton da yatsu biyu
ina neman inda suka ɓoye waya.
Wa ya hau tsani? Wa ya riƙe masa?
Wa ya naɗa salatif da yatsu sun ƙandare?
Ƙwai dubu nawa, kuma in ɗaya ya mutu
wane bawan Allah ne ke gano shi?
Ban san sunanka ba, abokin sana'a,
amma na ga hannunka. Aikinka ya yi kyau.

Na kai wa Inna a ɗaki.
Yana ta rufe mata ido ɗaya,
ta kanga fuska har hanci ya taɓa gilashi.
Na ce kin ga itatuwan?
Ta ce, wane hayaƙi ne ke fita a bakinsa?
Na ce sanyi ne, Inna.
Ta ce, ka tambaye shi ko yana da bargo.
Duk fitilun Japan,
ita kunnen ɗanta ta gani ba hula.

Washegari ban fita aiki ba.
Na zazzage buhun tarkace,
na ciro ƙwayayen tocila matacciya,
talatin da bakwai suka amsa.
Na aro batirin babur a wajen Gidado,
bisa sharaɗin in mayar kafin asuba.
Tsamiyar ƙofar gida ba ta zubar da ganye ba,
ta karɓi wayar dai, ba gardama.

Bayan isha'i na haɗa baki biyu.
Yaran unguwa suka yi ihu, sun zaci an kawo.
Mai kifi ta tsaya da tire a ka.
Biyu suka ƙone nan take,
ɗaya na ta ƙifta ido kamar mai jin barci.

Na ɗauka na tura masa.
Can gari ya kusa wayewa, amma ya amsa.
Bai ce komai a kan fitilun ba.
Ya ce, Hamma, matsa da salular hagu kaɗan,
wace ce zaune a kan tabarma?
Na ce Inna ce.
Ya ce, to riƙe haka. Kada ka motsa.

Na riƙe
har batirin Gidado ya fara sanyi.