Ƙafar Arzika

Dare ya raba a Birnin Kebbi,
an ɗauke wuta tun la'asar,
batirin sola na gurnani a lungu,
ni da ƙafar Arzika muke hira.

Ƙafar kaɗai, babu mai ita.
Tana shawagi a allon kwamfuta,
launin toka, yankakkiya daga idon sawu.
In na ja linzami sai ta juya,
ta miƙo min tafinta babu kunya,
wurin da shi kansa bai taɓa ƙare wa kallo ba.

Da hantsi ya iso daga Argungu,
sukari ya cinye masa ji tun daga yatsu.
Na zagaya shi da na'urar haske
kamar mai yi wa tufa turare.
Na ce kada ya motsa. Ya motsa.
Tari ya sarƙe shi, ƙuda ya sauka,
ga su nan duk a hoton:
yatsu shida, ƙuda ya zama tsiro,
bakin wando ya manne da dunduniya.

Na share daɓe. Na share wandon.
Na cire yatsan da Allah bai ba shi ba.
In na jawo hoton kusa da ido
fatar sai ta koma raga,
ƙananan idanu dubu bisa dubu,
ga ɓaraka a ƙarƙashin diddige.
Shekara arba'in yana ɗinke homa
a bakin Matan Fada,
yau ga ni ina ɗinke tasa.

Sai tudun nan na gefen ƙafa,
inda kwalekwale ya taɓa danne shi.
Mai ɗorin Aliero ya haɗa ƙashin,
ya kama, amma ya kama a karkace.
Wancan karon na ga muninsa,
danni uku na shafe shi,
ƙafa ta yi sumul kamar ta jinjiri,
har na yaba wa hannuna.
Inji ya kwana yana saƙa shimfiɗa,
ya zura a takalmi, ya tafi da godiya.
Kwana tara jikarsa Ige ta dawo da shi,
tudun ya yi ja, ya soma ruwa.
"Ɗiyata, ni ban ji komi ba," in ji shi,
yana ba ni haƙuri,
shi da na cuta.

Babana baduku ne a Jega.
Kwali yake shimfiɗawa, ya ce, "Taka."
Ya bi gefen ƙafa da guntun fensir,
ya lalubi kanta da babban yatsa,
ya tambayi mutum sana'arsa
da nisan gonarsa daga gida.
Ban taɓa ganin ya yi gardama da ƙashi ba.
Fata yake lanƙwasawa.

To, yau na bar wa tudun tudunsa.
Na haƙa masa gurbi, milimita huɗu,
na sake dubawa, na ƙara rabi.
Na ɗaga ƙwarin tafi ya samu majingina,
na sassauta saƙar ƙarƙashin diddige
ta yi laushin laka bayan janyewar ruwa,
irin wadda ƙafar ta sani tun tana ji.

Ladan ya yi kiran farko.
Na tura wa inji, ya yi atishawa, ya soma,
zare bisa zare, warin roba mai zafi.

Ba zai ce min ta yi daidai ba,
ba zai ce ta matse ba.
Na yagi takarda na rubuta wa Ige:
kowane dare, bayan isha'i,
ki cire masa takalmin,
ki haska da fitilar waya,
ki duba har tsakanin yatsu.