Kafin Riɗi Ya Fashe

Fitsari ne ya fara tona ni.
Sau shida nake tashi kafin assalatu,
in tsuguna bayan rumbu ina jira
kamar mai bin matsiyaci bashi.

A birni suka ce sankara ce,
can ƙasan mafitsara ta yi sheƙa,
amma ba ta tsallake shinge ba tukuna.
Gashi za a yi, da na'ura.

Na san gashin nan. Yayana Mati ya sha shi.
Zuwa kusan arba'in aka yanka masa,
yana kwana a shagon ɗan wani,
ya sayar da bijimi, ya sayar da amalanke.
A zuwa na ashirin da bakwai guzuri ya ƙare,
ya dawo Gagarawa ya ce ya warke.
Muka ce masa barka.

Shi ya sa da likita ta ce, "Baba, naka ashirin ne,
sati huɗu," na gyara zama.
Na ce, "'Yar nan, rigata aka gani aka rage mudu?"
Ta ajiye biro tana dariya.
"Ba ka taɓa ban ruwa ba?
Gugan ne ya ƙara girma,
kuma a gindin shuka ake juyewa.
Zirga-zirgar rijiya muka rage."

Ban gamsu duka ba, amma na yi lissafi:
kuɗin mota, tuwon saye da ba ya riƙe ciki,
da riɗin da na baro tsaye,
wanda in ya bushe ba ya jiran mai shi.

Tabawa ta ƙulle mini gurjiya ashirin a tsumma.
Kullum in sha ruwa in riƙe,
in kwanta ko yatsa ban motsa ba,
na'ura ta zagaya ni tana gurnani,
in fito in jefar da ƙwaya ɗaya.
A sati na uku fitsari ya koma barkono.
Suka ce zai wuce. Ya ɗan wuce.

Ranar da tsumma ya zama tsumma kawai na hau mota.
Ganye ya yi rawaya, kwanso bai buɗe ba.

Da lauje a kafaɗa na ratsa ta makabarta,
na cire takalmi, na daɗe a tsaye.
Mati, ka fi ni zuwa da bakwai.
Ni aka ce na gama.