Kibiyar da Babu a Littafi

Ranar Laraba, bayan hutun tara,
na shiga aji da buhu a kafaɗa,
duwatsun da na tsinto
tun daga Shere har gangaren Bukuru.
Na zazzage su a tebur.
Yara sittin da uku suka yi tsit,
sai Gyang, can kujerar baya:
"Malam, gini za a fara?"

Na ɗaga na farko, mai ɗigo-ɗigo kamar gashin zabuwa.
Na ce, wannan ɗan wuta ne.
Can ƙasa, inda gugar kowa ba ta taɓa sauka ba,
kunu ne shi, yana tafasa babu tukunya.
Ya huce a hankali, ba mai fifita shi,
cikin shekarun da yatsun mutanen Jos duka
ba za su ƙirga ba.

Da ya leƙo duniya, rana ta gasa shi,
sanyin dare ya matse shi,
yau da gobe ya tsage.
Ruwan Agusta ya kwashi ɓarɓashinsa,
Dilimi ta goya shi zuwa garin da bai sani ba.
Ya kwanta, wani ya kwanta a kansa,
kamar zannuwa a akwatin kaka,
har nauyi ya mai da su abu guda.
Ga shi nan, ku shafa, yashi ne da ya yi haƙuri.

Na uku kuwa ya sha matsi, ya sha zafi,
bai narke ba, ya dai sake hali,
kamar yumɓun da ya shiga wuta ya fito tulu.
In ya ƙara nutsewa, ya koma kunu,
tafiya ta dawo farko.

Na zana da'ira a allo, kibiya na bin kibiya,
na kakkaɓe hannu, ina jin na iya.

Sai Kachollom ta ɗaga nata,
hannu mai kanta, farce a fashe.
"Malam, ina kibiyar mamata?"

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.
Ta ce, "A bakin titin Zawan take fasa dutse.
Da dare a ƙona masa taya, da safe ya yi laushin kai.
Yana da jijiya, Malam.
In ka buga a banza, guduma ce za ta gaji,
in ka sami jijiyar, da kansa yake buɗewa.
Abin da ka ce ruwa na yi a shekara dubu,
mama na gamawa kafin azahar."

Na tsaya da alli a hannu.
Na tuna kakana, Ɗanjuma,
da kwanon kuza ya cinye gashin tsakar kansa,
da tafkunan da suka bari a bayan gari,
korayen idanu masu kallon sama, ba sa ƙiftawa.
Shekara goma sha ɗaya ina wannan darasi,
ban taɓa sa shi a da'irar ba.

Na miƙa mata allin.
Ta ja kibiya karkatacciya, ta fasa da'irata,
ta fice har bakin allo,
ta rubuta: tifa, Abuja.

Tasi'u ya ce, "To, zai dawo?"
Na ce, zai dawo.
Bene ma dutse ne da ya tsaya hutawa a hanya,
sai dai shi ba ya sauri,
mu ne masu agogo.

Aka buga ƙararrawa, suka watse.

Washegari na tarar da baƙo a tebur,
sabon fashi, gefensa na ƙyalli,
yana warin hayaƙin taya.
Na juya shi, na sake juyawa,
ina neman jijiyar.
Har yau ban gan ta ba.
Laraba mai zuwa zan tambaya.