Wankin Hoto

Shekara bakwai ina wankin hoto
a shagon Ustaz Bashari, bayan kasuwar Wad Madani,
inda fanka ke tari, wuta ta ɗauke ta dawo,
ni kuwa ina gaban kwamfuta ina goge mutane.

Amarya ta shigo da launin gasasshiyar gyaɗa,
ta fita a takarda kamar an tsoma ta cikin madara.
In rage hanci, in sassaƙe ƙugu,
in share tabon da kaskon kisra ya bari a hannu.
"Ƙara mata haske," in ji ango.
"Ƙara," in ji uwa. In ƙara.
Da haka nake sayen gawayi da sukari.

Ba ni na fara ba.
Allon talla na bakin gada ya riga ni:
mace mai tsayin bene biyu,
fuskarta ba gumi, ba ƙurji, ba jiya,
ta ɗaga kwalbar mai kamar ta tsinto maganin mutuwa.
Masu karanta labarai a talabijin
ka ce uwa ɗaya ta haife su, ko kwalba ɗaya.
A lungunmu da cokali ake auna man,
kowacce gwargwadon ƙullin bakin zanenta.
Intisar, 'yar yayata, ta sayi cokali uku da kuɗin littafi.
Yanzu ba ta shiri da rana:
kumatu ja kamar cikin kankana,
gaɓoɓin yatsu baƙi, suna tona asiri.

Wata Laraba Goggo Tasalla ta zo daga Mai Wurno,
turaren wuta na bin lafayarta,
tana son hoton da ɗanta zai rataya a ɗakinsa na Jidda.
Ta zauna daram kamar turmi, ta ƙi murmushi.
Hannuna ya yi abin da ya saba, bai shawarce ni ba:
ya shafe tsage uku-uku na kumatu,
ya toshe giɓi, ya yi wa goshi guga.

Ta karɓa, ta kai kusa da ido, ta nisanta.
"Yarinya, wannan 'yar wa ce?
Tubarkalla, Allah ya raya.
To, ina nawa?"

Na ce, Goggo, ke ce, gyara na yi.
Ta ce, "Me ya lalace?
Da irin tsagar nan aka gane kakata
ranar da ayari ya watse a hanyar Makka.
Layin goshin nan, shekarar da kogi ya cinye gonarmu ne.
Giɓin nan rake ne, kuma ya yi zaƙi.
Kin kwashe min shekara saba'in kin miƙo min faranti.
In ɗana ya ɗaga kai, wa zai gaisar?"

Na danna komawa baya.
Tsaga ta dawo.
Na sake, kogi ya dawo.
Na sake, rake.
Ashe yatsan da ya yi sata ya san hanyar gidan mai kaya.

Washegari na manna takarda a gilashin ƙofa:
ANA WANKE HOTO, BA A WANKE MUTUM.
Ustaz ya ce zan kore masa kasuwa,
kuma bai yi ƙarya ba, angwaye biyu sun juya.
Amma mai shayin bakin titi ta zo da ƙunar hannunta,
malamai mata huɗu suka zo tare, suna dariya,
ɗaya ta ce kada in taɓa mata ko furfura ɗaya,
da wahala ta tara su.

Jiya Intisar ta zauna a kujerar,
fuska dabbare-dabbare, ba hoda.
Ta ce, "Ɗauke ni haka, Inna, duk Juma'a.
So nake in ga ranar da launina zai dawo gida."

Matar bakin gada tana nan.
Rana ta ɓare mata kunci ɗaya,
ana hango ƙarfen da ke riƙe da ita.