Ɗumin Babban Yatsa

Ƙarfe biyun dare a Kochi.
Ruwa na dukan tagar bene na huɗu,
ni kuwa ina gadin lamba biyu
a allon gado na shida.

Ta sama daga cikin Devika take zuwa:
talatin da takwas da ɗigo huɗu.
Ta ƙasa daga babban yatsan ƙafarta:
talatin da ɗaya.
Ciki garwashi, ƙafa randa.

Kwananta sha tara a duniya.
Jiya da hantsi Likita Kuruvilla ya sanyaya ta da gangan,
ya sa zuciyar ta yi shiru,
zuciyar da ba ta kai goro ba,
ya ɗinke ƙofar da aka haife ta da ita a buɗe,
sannan ya mayar mata da ɗumi kaɗan-kaɗan
kamar mai biyan bashi.

Saura nawa aikin.
In zafi ya hau, zuciya gudu take yi,
sabon ɗinki kuwa ba ya son gudu.
Na rage wutar da ke samanta,
na ɗora sanyi a goshi,
na sa wa ƙafafun safar da kakarta ta saƙa,
ɗaya ta fi ɗaya tsawo.
Na rubuta. Na zauna.

Ubanta Sudheesh, mai kwalekwale ne a Alappuzha,
yana bayan gilashi da rigar shekaranjiya.
Bai iya karanta allo ba.
Fuskata yake karantawa,
shi ya sa nake riƙe ta
kamar ƙwarya cike da ruwa.

Ƙarfe uku, ta sama ta sauko ɗigo biyu,
ta ƙasa ta ƙi motsi.
Shayina ya yi fata.
Huɗu da rabi, talatin da uku.
Suna matsowa, a hankali,
kamar 'yan'uwan da suka yi faɗa a kan gado.

Shekara ashirin da biyu ina wannan ɗaki,
na'ura ba ta taɓa yi mini ƙarya ba,
amma ban yarda sai na taɓa.
Na zare safa, na danna yatsan, ya yi fari,
kafin in ce uku jini ya dawo.

Na yafito shi. Ya wanke hannu har gwiwa,
ya kai yatsa ɗaya, mai kanta, tafin ƙafarta.
"Da ɗumi," ya ce,
ya dube ni,
ko na yarda ya faɗa da ƙarfi.